Tallafin Korona Ga Manoman Amurka: Wa Ya Karɓa, Kuma Ta Yaya Aka Sani?



A watan Afrilu na shekarar 2020, lokacin da muke nan muna ta muhawarar rufe masallatai, muna shirin shiga azumi cikin dokar hana fita, wani abin mamaki ne ke faruwa a ƙauyukan Amurka. Masu kiwon shanun tatsa suna buɗe tankokin madara suna tuttular da ita a ƙasa. A jihar Idaho an haƙa ramuka an binne albasa. A Florida motocin noma sun bi ta kan wake da kabeji da suka nuna, suna mayar da su cikin ƙasa. A daidai wannan watan kuma, a birnin San Antonio na jihar Texas, motoci kusan 10,000 suka yi layi a rana guda, masu su na jiran a ba su kwalin abinci na sadaka. Ga abinci ana zubarwa, ga masu yunwa suna layi, duk a ƙasa ɗaya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wani babban kaso na amfanin gonar ƙasar an tsara shi ne don makarantu da otal-otal da gidajen sayar da abinci, kuma duk an rufe su cikin ƴan kwanaki. Manyan mayanka su ma suka tsaya, domin cutar ta shiga cikin ma'aikatansu. Madara ba ta jira, dabba kuma in ta kai yanka ba a yanka ta ba, ci take yi a aljihun mai ita. Farashi ya faɗi, manoma suka ɗaga murya, gwamnati ta buɗe baitulmali.

Abin da ya sa muka dawo da wannan labari yanzu, bayan annobar ta lafa, shi ne an gama lissafi, takardu sun fito, kuma abin da ke cikinsu ya shafe mu ta fuska biyu. Na farko, kuɗin da ake ba manomin Amurka yana taɓa farashin abin da manominmu ke sayarwa. Na biyu, mu ma an yi rabon tallafi da sunan korona a ƙasashenmu, kuma ya kamata mu gwada abin da su suka iya sani game da nasu rabon da abin da mu muka iya sani game da namu.

A ranar 27 ga Maris 2020 aka sa hannu a kan babbar dokar agajin korona ta Amurka, wadda ta kai sama da dala tiriliyan 2. (Dalar Amurka muke nufi a duk wannan rubutu, ba dalarmu ta kasuwa ba.) Makonni uku bayan haka, ranar 17 ga Afrilu, ministan noma na lokacin, Sonny Perdue, ya sanar da wani shiri da ake kira CFAP a taƙaice: dala biliyan 16 da za a tura kai tsaye ga manoma da makiyaya, da biliyan 3 na sayen nama da madara da kayan lambu a raba wa mabuƙata. A watan Satumba, saura ƙasa da wata biyu a yi zaɓen shugaban ƙasa, Shugaba Trump ya sanar da zagaye na biyu a wajen wani gangamin siyasa a jihar Wisconsin, har dala biliyan 14. Daga baya hukumar binciken kuɗi ta majalisar dokokin ƙasar, GAO, ta tattara lissafin duka ta ce shirin ya biya dala biliyan 31 ga manoma sama da 950,000.

Kuma wannan ba a kan fili ya sauka ba. A 2018 da 2019 an riga an biya manoman kimanin dala biliyan 23 don rage musu zafin rikicin kasuwanci da Sin, wadda ta rage sayen waken suyarsu ƙwarai. In aka haɗa duk tallafin da gwamnati ta biya manoma kai tsaye a 2020, ya wuce dala biliyan 45, wato babban kaso na ribar da duk noman ƙasar ya samar a shekarar. Wannan ita ce ƙasar da masananta suka daɗe suna zuwa mana da nasihar cewa tallafin taki yana lalata kasuwa.

Yadda aka tsara rabon shi ya yanke hukuncin wanda zai ci moriya tun kafin a fara biya. Ba a tambayi manomi ko yana cikin ƙunci ba. An tambaye shi shanu nawa gare shi, madara nawa ya tatsa, masara ko auduga nawa ke rumbunsa, sai a ninka da wani adadi a biya shi. Mai garken shanu dubu biyar da mai saniya ashirin duk sun cika takarda iri ɗaya, amma ba iri ɗaya suka karɓa ba. An dai sa iyaka: mutum ɗaya ba zai wuce dala 250,000 ba a zagaye guda, wato sama da miliyan 130 na sefa. Sai dai an bar ƙofa a gefe. In gonar kamfani ce mai masu hannun jari uku da suka ce kowannensu ya yi wa gonar aiki ko kulawa na awa 400 a shekara, iyakar ta tashi zuwa dala 750,000. An kuma ce wanda kuɗin shigarsa ya wuce dala 900,000 a shekara ba zai samu ba, sai fa in kashi 75 cikin 100 na kuɗin daga noma ya fito. Wato attajirin birni an rufe masa ƙofa, attajirin gona an buɗe masa taga.

Sakamakon bai ba kowa mamaki ba. A watan Agusta 2020 kafar labarai ta NBC ta bi diddigin biyan farko, kusan guda 700,000, ta gano cewa kashi 1 cikin 100 na masu karɓa sun kwashi sama da kashi 20 na kuɗin, kashi 10 na sama sun kwashi sama da kashi 60, su kuwa kashi 10 na ƙasa abin da suka samu bai kai rabin kashi ɗaya ba. Kashin dankali ke nan, manya a sama, ƙanana a danne. A watan Maris 2021 sabon ministan noma, Tom Vilsack, ya faɗa da bakinsa cewa abin da ya kai hannun manoma baƙar fata bai wuce kashi 0.1 cikin 100 ba. Waɗannan mutane ne da a 1920 yawansu ya kusa miliyan ɗaya, yau ba su kai 50,000 ba, kuma tun 1999 ma'aikatar noman ta amince ta biya su diyya a wata shari'a kan wariyar da aka nuna musu wajen ba da rance. Majalisa ta ware dala biliyan 4 a 2021 don yafe wa irinsu bashi, wasu manoma farar fata suka kai ƙara, kotuna suka dakatar, a 2022 aka soke tanadin aka sauya shi da wani.

Akwai kuma waɗanda ba su shiga lissafin ba sam. Leburorin da ke tsinkar tumatir da masu fiɗa a mayanka ba su da gona, don haka ba su da takardar cikawa. Da yawansu baƙi ne, kuma a cikin ma'aikatan mayankan Minnesota da Colorado akwai ƴan uwanmu Musulmi ƴan gudun hijira daga Somaliya. Su aka ce aikinsu wajibi ne, kada su zauna a gida, su cutar ta fi kamawa, tallafin kuma da sunan mai gona aka rubuta shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Hukumar GAO ta ƙara tono wani abu a rahotonta na 2022. Saboda gaggawa, an yarda manomi ya faɗi adadin dabbobinsa ko amfaninsa da bakinsa a biya shi, a bincika daga baya. Hukumar ta zaɓi mutum 90 da ta ga alamar tambaya a takardunsu ta nemi hujja, fiye da rabinsu suka kasa kawo abin da zai tabbatar da abin da suka karɓa. Ba sabon abu ba ne a ma'aikatar. Tun 2007 wannan hukuma ta ba da rahoton cewa tsakanin 1999 da 2005 an biya dala biliyan 1.1 da sunan manoma sama da 170,000 da suka riga suka mutu.

To, mai karatu zai iya cewa: ashe su ma haka suke, mu da su duk ɗaya. A nan ne muke so a dakata, domin ba ɗaya ba ne. Duk waɗannan alƙaluma da muka jero, ta yaya suka zo hannunmu? Ta yaya ɗalibi a Maraɗi ko Garwa ko Kumasi zai san cewa kashi 1 sun ci kashi 20? Ya sani ne saboda akwai littafi, kuma an tilasta wa masu riƙe da littafin su buɗe shi.

Ba da son ransu suka buɗe ba. Amurka tana da dokar ƴancin neman bayanan gwamnati tun 1966, amma shekaru da yawa ma'aikatar noma tana ƙin ba da sunayen masu karɓar tallafi, tana cewa sirrin mutane ne. Sai da jaridar Washington Post ta kai ta kotu kan sunayen masu karɓar tallafin auduga, a 1996 alƙali ya yanke cewa haƙƙin jama'a na sanin inda kuɗinsu ya tafi ya rinjayi wannan uzuri. Daga nan wata ƙungiya mai zaman kanta da ake kira EWG ta riƙa karɓar bayanan tana zuba su a intanet, tun daga na 1995. Kowa na iya shiga ya rubuta sunan jiha ko gunduma ko mutum, ya ga abin da aka biya shi shekara bayan shekara. Da wannan kundi aka gano masu karɓar kuɗin noma da ke zaune a tsakiyar manyan birane, da ƴan majalisar da ke kaɗa ƙuri'a kan dokar tallafi alhali gonakin iyalansu na cikin masu karɓa. Da shi aka nuna cewa a tsawon shekarun, kashi 10 na masu karɓa sun tafi da sama da kashi uku cikin huɗu na tallafin amfanin gona.

A lokacin korona ma sai da aka sake wannan kokawa. Akwai wani rance na ƙananan masana'antu da ake yafewa, wanda gonaki ma suka karɓa. Gwamnati ta fara da cewa ba za ta faɗi sunan kowa ba. Da matsi ya yi yawa, a watan Yuli 2020 ta saki sunayen waɗanda suka karɓi sama da dala 150,000 kawai. Kafofin labarai suka je kotu, a watan Nuwamba alƙali ya ba da umarni, a farkon Disamba aka saki sauran. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, kuma da sunayen suka fito an ga dalilin jan ƙafar.

Kada dai mu yi wa tsarin ado fiye da yadda yake. Har yau akwai ɗakunan da ba a buɗe ba. Inshorar amfanin gona, wadda gwamnati ke biya wa manoma kimanin kashi 60 cikin 100 na kuɗinta, tana cikin manyan hanyoyin tallafi, kuma doka ta hana bayyana sunayen masu cin moriyarta. Ƙungiyar EWG ta kuma koka cewa tun 2019, in an tura tallafin manomi kai tsaye zuwa bankin da ke binsa bashi, sunan bankin ake gani a takarda, na manomin ya ɓace. Ga kuma dabarar raba gona ɗaya zuwa kamfanoni da yawa da sunayen ƴan uwa, ta yadda mai bincike zai ga sunaye goma alhali aljihu ɗaya ne. Mafi muhimmanci, buɗe littafin bai gyara rabon ba. An shekara sama da ashirin ana ganin manya na cin kaso mafi tsoka, kuma suna ci har yanzu. A ƙarshen 2024 majalisar ta sake ware dala biliyan 10 don agaza wa masu noman hatsi da auduga saboda faɗuwar farashi, kuma da faɗin gona aka auna. Abin da bayyanawa ta yi shi ne ta hana a musanta. Wanda zai kare tsarin yanzu dole ya kare shi a fili, da alƙaluma a gabansa.

Turai ma ta bi ta wannan hanya, kuma darasinta ya fi kusa da tambayar da muka san wasu malamai da dattawa za su yi mana. Tarayyar Turai tana kashe kusan kashi ɗaya cikin uku na kasafinta a kan noma. Ta fara wallafa sunayen masu karɓa, sai wasu manoman Jamus suka kai ƙara cewa an tona musu asiri. A watan Nuwamba 2010 babbar kotun Tarayyar ta ba su gaskiya a kan yadda aka wallafa sunayen ɗaiɗaikun mutane ba tare da bambancewa ba. Aka koma aka sake doka, aka ci gaba da wallafawa, amma wanda abin da ya karɓa bai wuce yuro 1,250 ba a shekara, ana sa masa lamba a maimakon suna. Ƙarami an rufa masa asiri, babba an bar sunansa a fili.

Tambayar da za a yi mana ita ce: ba addininmu ne ya kwaɗaitar da ɓoye sadaka ba? Ba mu aka hora da suturta mabuƙaci ba, kada a kunyata shi a gaban maƙwabta? Haka ne, kuma ba za mu yi wasa da wannan ba. Amma a duba wa ake suturtawa, kuma dukiyar wa ce. Mutumin da ya ciro daga aljihunsa ya ba maraya a ɓoye, dukiyarsa ce, tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Wanda aka damƙa wa dukiyar jama'a ya raba, ba sadaka yake yi ba, amana yake saukewa, kuma mai amana ana yi masa hisabi. Bukhari da Muslim sun kawo labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika karɓar zakka. Da ya dawo an yi lissafi da shi, ya ware wani kaso ya ce kyauta aka yi masa. Annabi bai bar maganar a ɗaki ba, ya hau mumbari ya yi wa jama'a bayanin cewa abin da ma'aikaci ya samu saboda kujerarsa ba nasa ba ne. Sayyidina Umar shi ya kafa diwani, rajistar da aka rubuta sunayen masu karɓa daga baitulmali da abin da kowa zai karɓa. A shekarar fari ta 18 bayan Hijira, wadda ake kira shekarar toka, da mutanen ƙauye suka cika gefen Madina, ya nemi abinci daga gwamnoninsa, ya sa mutane a kan rabo, ana ƙirga waɗanda suka ci ana kawo masa adadi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Kuma a Suratul Hashri, inda aka yi bayanin rabon dukiyar fai'i, an faɗi dalilin rabon, wato kada dukiya ta riƙa zagayawa tsakanin mawadata kaɗai. Ta yaya al'umma za ta san ko ta zagaya tsakaninsu ko ba ta zagaya ba in ba a rubuta ba, ko an rubuta an kulle?

Abin da muka lura da shi, a can da nan, shi ne suturar da aka tanada don talaka mai kuɗi ne ke aronta. Da sunan kare mutuncin ƙaramin manomi ake ɓoye kamfanin da ya karɓi dala 750,000. Da sunan kada a kunyata gajiyayyu ake ƙin faɗin tirela nawa ta shigo gari.

Mun ce kuɗin manomin Amurka yana taɓa namu, bari mu nuna ta ina. Auduga ce misali mafi bayyana, kuma tana cikin amfanin da CFAP ya biya. A 2002 ƙungiyar Oxfam ta lissafa cewa masu noman auduga na Amurka, kimanin 25,000, sun karɓi tallafin dala biliyan 3.9 a shekara guda, fiye da duk abin da tattalin arzikin Burkina Faso ke samarwa a lokacin. Manomin da gwamnati ke cike masa giɓi zai ci gaba da shuka ko da farashi ya faɗi, audugarsa ta cika kasuwar duniya, farashin ya ƙara faɗuwa a kan manomin kudancin Chadi da na arewacin Kamaru da ba wanda ke cike masa komai. A 2003 ƙasashe huɗu, Benin da Burkina Faso da Chadi da Mali, suka kai kukansu taron Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya a Cancun. Brazil kuwa ƙara ta shigar, ta yi nasara a 2004, aka tabbatar a 2005. Benin da Chadi sun shiga shari'ar a matsayin waɗanda abin ya shafa, amma da aka zo sulhu Brazil aka biya: kimanin dala miliyan 147 a kowace shekara daga 2010, sannan miliyan 300 a 2014 aka rufe magana. Abin lura a nan shi ne hujjojin da aka kayar da Amurka da su, mafi yawansu daga littattafan ma'aikatar nomanta suka fito. Da ta kasance ƙasar da ba ta rubutawa, ko ba ta buɗewa, da kukan manomin Afirka ya tsaya a zargi.

Yanzu mu dawo gida. Ba mu manta da watan Oktoba 2020 ba, lokacin da jama'a a Najeriya suka fasa rumbunan ajiya a Legas da Jos da Kaduna da Abuja da wasu jihohi, suka yi ta fitowa da buhunan shinkafa da katan-katan na taliya masu tambarin tallafin korona. Hukumomi suka ce ajiya ce ana jiran lokacin rabo, jama'a suka ce ɓoyo ne. Ba mu goyon bayan wawaso, an yi asarar rayuka da dukiyar bayin Allah da ba ruwansu. Amma da an liƙa takarda a ƙofar kowane rumbu tun ranar da kaya suka iso, mai cewa buhu kaza ne, na unguwanni kaza, za a raba ranar kaza, da wuya jita-jita ta sami wurin zama. Shirin rancen manoma na babban bankin Najeriya, wanda aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamba 2015, ya fitar da sama da naira tiriliyan 1. A 2023 Asusun Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin 100 kawai aka mayar, babban bankin ya ce kashi 52 ne. Tsakanin 24 da 52 akwai ɗaruruwan biliyoyi, kuma ba mu da wani kundi a buɗe da ɗalibi zai shiga ya duba ƙaramar hukumarsa ya ga wa ya karɓa, wa ya biya. A Kamaru an kafa asusun korona na sefa biliyan 180, kuma sai da rahoton masu binciken kuɗi na kotun ƙoli ya fito a 2021 mutane suka san yadda aka yi da kwangilolin.

Ba wai ba a taɓa gwada rajista a yankinmu ba. A 2012, lokacin da Akinwumi Adesina yake ministan noma a Najeriya, ya ce a tsohon tsari kashi 11 cikin 100 na manoma ne kawai takin gwamnati ke kai wa, sai aka yi wa manoma rajista aka riƙa aika musu saƙo ta wayar salula su je su karɓa wurin dila. Tsarin yana da nasa matsaloli, kuma bai ɗore yadda aka so ba, amma ya nuna abu ne mai yiwuwa. Dokoki ma akwai su: Nijar ta yi dokar samun bayanan hukuma a watan Fabrairu 2011, Najeriya ta yi tata a shekarar, Ghana ta yi a 2019. Abin da ya ragu shi ne masu tambaya. Dokar Amurka ta kusa shekara 30 da kafuwa kafin wata jarida ta kai maganar sunayen manoma gaban alƙali.

Sai dai akwai wani abu da ya bambanta mu da su, kuma duk mai kiran a bayyana komai dole ya dube shi da idon basira. A ƙauyukan kan iyakar Maraɗi da Katsina da Zamfara, a karanta a rediyo cewa wane ɗan wane ya karɓi kuɗi kaza, daidai yake da nuna wa ƴan bindiga ƙofar gidansa. Manomin Iowa in sunansa ya fito, gulmar maƙwabta kawai zai sha. Namu yana iya kwana a daji. Don haka ba za mu kwafo kundin EWG yadda yake mu ɗora a kan ƙauyukanmu ba. Abin da ya dace da mu ya fi kama da iyakar da Turai ta sa: ƙaramin manomi a bar sunansa a littafin da mai gari da limami da wakilan manoma da na mata za su iya dubawa, ba a intanet ba. Abin da za a baje a faifai shi ne tan nawa na taki ko iri ko hatsin rahusa ya iso gunduma, nawa aka ware wa kowane gari, mutum nawa za su samu, buhu nawa kowanne, a kan nawa. Sannan sunayen manya, ƴan kwangila da diloli da masu manyan gonaki da shugabannin ƙungiyoyin da ke karɓa a madadin dubban mutane, waɗannan ba su da hujjar ɓuya. Wanda ya ga an rubuta garinsu buhu 200 alhali 60 aka sauke, ba ya buƙatar sanin sunan kowa kafin ya gane an yi ɓarna a hanya.

Kuma kafin mu nuna wa hukuma yatsa, mu duba namu. Masallatanmu da ƙungiyoyinmu suna karɓar zakka da kayan buɗa baki da naman layya, wani lokaci daga ƙasashen waje, kuma a lokacin korona an ba wasu kwamitocin masallatai kaya su raba. Kwamiti nawa ne suka tashi bayan sallar Juma'a suka karanta wa jama'a abin da ya shigo da abin da ya fita? Mun san masu yi, Allah ya saka musu da alheri, mun kuma san inda in matashi ya tambaya sai a ce ba shi da ladabi, yana zargin malamai. Tambayar lissafi ba zargi ba ce. Ita ce ma ke kare mai gaskiya, domin ma'ajin da ya karanta lissafinsa a fili ya huta da raɗe-raɗin bayan fage. Ba sai an ambaci sunan bazawara ko maraya ko ɗaya ba: buhu kaza muka karɓa daga wurin wane, gida kaza muka ba, ga abin da ya rage, ga mutum uku da suka duba littafin suka sa hannu.

Ga ɗalibanmu kuwa, musamman masu karatun lissafi da shari'a da aikin jarida, aikin ba ya buƙatar kwamfuta mai tsada. Kafin damina ta sauka za a sanar da taki da iri da sayar da hatsi a farashi mai rahusa, kamar kowace shekara. A rubuta adadin da aka faɗa a rediyo da ranar da aka faɗa. A je ofishin magajin gari ko na malamin gona cikin ladabi, da takarda a rubuce, a nemi rabon gari-gari. A koma garuruwa biyar ko goma a tambayi masu gari abin da aka sauke musu. A ajiye amsar, ko da amsar ita ce an ƙi amsawa, tare da kwanan wata, a sake komawa baɗi da takarda ta biyu.